Ɗan Haya a Kan Sabar

Wata makarantar kuɗi ta taɓa ba ni aikin gina mata shafin intanet da malamai za su riƙa shigar da makin jarrabawa. Na gina, muka gwada da sunayen ƙarya guda goma, komai ya tafi salin alin, aka ba ni rabin kuɗina. Ƙarshen zango na yi sai ga wayar shugabar makarantar bayan sallar isha'i. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Malam, wannan shafin naka cin makin yara yake yi." A aji ɗaya, yara tara na ƙarshen jeri, su Yusuf da su Zainab da su Zubairu, makinsu bai shiga ba. Malamin ajin ya rantse da Allah ya shigar, amma har an fara tsegumin ko akwai wata a ƙasa tsakaninsa da iyayen yaran. Sai da ta zaunar da shi ya sake shigarwa a gabanta, shafin ya ce an adana, aka koma aka duba, wayam.

Kwana biyu ina bin kod ɗina layi-layi ban ga aibu ba, domin ba a can aibun yake ba. Ajin yara 92 ne, kowane yaro yana da gurabe 12 a fom ɗin, jimla 1,104. Shi kuwa PHP, yaren da na rubuta shafin da shi, yana da wani saiti da ake kira max_input_vars, wanda yake zuwa a kan 1000. In fom ya aiko da gurabe sama da haka, sai ya karɓi dubun farko ya watsar da ragowar, shirinka kuma ya ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Ya dai rubuta gargaɗi a kundin kurakurai, fayil ɗin da ni a lokacin ban taɓa buɗewa ba, ban ma san inda yake ba.

Ƙannena maza da mata da kuka shiga sana'ar gina shafuka, na san yawancinku kun fi ni iya abin da ido yake gani: launi, hoto, shafin da zai zauna daram a fuskar waya. Amma a ƙarƙashin duk wannan ado akwai 'yan layuka a cikin fayilolin saiti waɗanda su ne suke yanke girman hoton da za a iya ɗorawa, da tsawon lokacin da za a ba shiri ya yi aiki, da abin da baƙo zai gani ranar da shafin ya faɗi. Na lura mutum yakan je musu ne kawai idan ta ɓaci, da tsakar dare, mai aiki yana ta kira, sai ya kwaso layuka biyar daga inda ya samu ya manna. Abin da nake so ku riƙe shi ne kada ku taɓa layi sai kun san abu biyu: wane ne yake karanta fayil ɗin da kuke rubutu a ciki, kuma me ya sa aka kafa iyakar da kuke son ɗagawa.

Ku fara da sanin matsayinku. Wanda ya biya kuɗin masauki mai rahusa na shekara bai sayi sabar ba, ɗaki ya kama a gidan haya. Kwamfuta ɗaya ce take ɗauke da shafinka da na wasu mutane masu yawa da ba ka taɓa gani ba, tanki ɗaya kuke ɗiba, mita ɗaya kuke ja. Babban fayil ɗin saiti, php.ini, yana hannun mai gida, wato kamfanin masaukin, kuma ba zai ba ka makullinsa ba. Masu kula da PHP sun san da wannan zama, shi ya sa suka kasa saitunan kashi-kashi. Akwai waɗanda za ka iya canzawa daga ko'ina, har daga cikin shirin kansa ta hanyar ini_set. Akwai waɗanda sai a fayil ɗin saiti na folda. Akwai kuma na mai gida shi kaɗai, irin su disable_functions, wanda da shi yake rufe umarnin da yake ganin haɗari ne ga gidan. Kowane saiti an rubuta rukuninsa a gefensa a littafin jagoran PHP, wanda yake kyauta a shafin php.net. Duba shi minti ɗaya ne. Na ga yaro ya kwana yana kiran ini_set don ya ɗaga upload_max_filesize, alhali wannan saitin ba ya canzuwa ta nan, kuma dalilin a fili yake: PHP yana gama karɓar fayil ko ƙin karɓarsa tun kafin a karanta layin farko na shirinka. An riga an sallami baƙo a zaure kafin kai ka farka daga barci.

To, yaya za ka san irin gidan da ka kama? Gani ya kori ji. Ka buɗe sabon fayil, ka sa masa suna mai wuyar cinkowa, ka rubuta layi ɗaya da zai kira phpinfo, ka ɗora shi, ka buɗe shi a burauza. Wani dogon shafi zai fito mai kama da takardar gwajin asibiti. Kada tsawonsa ya razana ka, wurare uku kake nema. A can sama akwai layin Server API, shi zai gaya maka yadda aka ɗaura PHP da sabar: ko a cikin jikin Apache yake zaune, ko kuma yana gefe yana aiki da kansa ta hanyar FastCGI ko FPM, ko kuwa LiteSpeed ce. Ƙasa kaɗan akwai layin da yake nuna ainihin php.ini ɗin da aka karanta. Sannan kowane saiti yana da gurbi biyu a gabansa, na hagu shi ne abin da yake aiki a foldar da kake, na dama kuma abin da mai gida ya sa. In ka yi canji na hagu bai motsa ba, to canjinka bai shiga ba, komai kyan rubutunka.

Da ka gama dubawa ka goge wannan fayil ɗin. Yana fallasa sigar PHP ɗinka, da hanyoyin foldodinka, da abubuwan da aka kunna, kuma akwai manhajojin ɓarayi da ba su da aiki dare da rana sai bin shafuka suna gwada sunaye irin su info.php da test.php. Sau da yawa idan aka miƙo mini tsohon shafi in gyara, abin da nake fara tsinta ke nan, an bar shi a buɗe shekara da shekaru.

Wancan layin na Server API shi ne zai nuna maka ƙofar da za ka bi. Idan PHP yana cikin jikin Apache, ƙofarka .htaccess ce, kana rubuta php_value sai sunan saitin sai adadin, ko php_flag ga abin da ake kunnawa da kashewa. Idan kuwa ta FastCGI ko FPM yake aiki, Apache ba ta san kalmar php_value ba sam. Kana adana fayil ɗin sai shafin gaba ɗaya ya mutu, kowane baƙo ya ga kuskure mai lamba 500. Na taɓa yi wa shafin wani ɗan kasuwa haka ana saura kwana uku salla, lokacin da yake tsakiyar karɓar odar shadda da atamfa. Minti ashirin kawai abin ya ɗauka kafin in gane in cire layin, amma zufar da na yi a minti ashirin ɗin nan ba ta zafin gari ba ce.

Ga masu FastCGI da FPM, ƙofar ita ce .user.ini, wadda ta shigo da PHP 5.3 a shekarar 2009. Rubutunta irin na php.ini ne: sunan saiti, alamar daidai, adadi. In ka ajiye ta a babbar foldar shafin, tana aiki har cikin ƙananan foldodin da suke ƙarƙashi. Sai dai tana da wata ɗabi'a da take ruɗa masu gaggawa. PHP ba ya sake karanta ta a kowace buƙata, yakan riƙe abin da ya karanta har sakan 300, wato minti biyar. Mutum zai canza, ya sabunta burauza, ya ga ba abin da ya motsa, ya ce bai yi ba, ya sake canzawa zuwa wani abu, ya koma .htaccess ya ƙara, ya koma wani wurin ya ƙara. Kafin minti biyar su cika ya rubuta abu ɗaya a wuri uku da adadi uku daban-daban, kuma daga ranar ba wanda zai ƙara sanin wanne ne yake aiki. Sauri ya haifi nawa. Ka adana, ka tashi ka sha ruwa, ka dawo.

Akwai ƙofa ta uku da wasu kamfanoni suke bari, wato ka ajiye naka ƙaramin php.ini a cikin folda. Ita ce na fi tsoro. A wasu tsare-tsaren wannan fayil ɗin yana maye gurbin na mai gida ne ɗungurungum, ba ƙari yake yi a kansa ba, sai ka rubuta layi biyu ka wayi gari duk saitunan da kamfanin ya shirya sun koma na asali. Kuma sau da yawa a foldar da yake kawai yake aiki. Mai WordPress zai ajiye shi a babbar folda, ya manta cewa ɗora hotuna ta cikin wp-admin ake yi, sai ya yi ta mamakin me ya sa iyakar ba ta ɗagu ba. In kamfaninka yana amfani da cPanel kuma ya ba ka wurin gyara saitin PHP a can, ka fara da shi, domin su suka san yadda suka haɗa gidansu. Amma bayan ka danna, ka je ka buɗe fayilolin ka ga abin da ya rubuta da sunanka. Fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo ɓoyayye ne, sai ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli kafin ka gan shi. Da yawa sun ƙirƙiri sabon .htaccess sun danne tsohon don ba su san yana nan ba.

Abin da ya fi kai mutane ga waɗannan fayiloli shi ne ɗora hoto ko takarda. Asalin upload_max_filesize megabait 2 ne, adadin da hoton wayar yanzu guda ɗaya yakan wuce shi. Sai mutum ya ɗaga shi zuwa 64 ya manta da yayansa, post_max_size, wanda yake kan megabait 8 kuma shi ne iyakar duk abin da fom ya ɗauko a tafiya ɗaya, fayiloli da rubutu baki ɗaya. Buhu ne da abin da yake cikinsa: dole buhun ya fi kayan girma. Kuma halinsu ya bambanta idan an wuce iyaka. In fayil ya wuce ta farko, PHP zai gaya wa shirinka da lambar kuskure, kana iya nuna wa mutum saƙo mai ma'ana. In kaya suka wuce ta biyu, fom ɗin zai iso fanko, ba fayil ba rubutu, kamar ba a cike komai ba. Shi ya sa WordPress wani lokaci yake cewa mahaɗin da ka bi ya daina aiki, alhali girman kaya ne matsalar.

Ga kuma wani abin kunya nawa, ku ɗauka kyauta. Na taɓa rubuta 64MB a maimakon 64M. A ido ɗaya suke, har ma na farkon ya fi kama da daidai. Amma PHP harafin ƙarshe yake dubawa, kuma K da M da G kaɗai ya sani. Da ya ga B sai ya bar lambar tsurarta, iyakar ta koma bait 64, abin da ko gajeriyar jimla ba zai ɗauka ba. Na je ɗaga iyaka na ƙare da toshe ƙofar gaba ɗaya. Sababbin sigogin PHP sukan yi gargaɗi a kan irin wannan, amma kun dai ji inda gargaɗin yake tafiya.

Wani lokacin kuma duk ka yi naka daidai, abin ya ƙi. Idan Nginx ce a gaba, ba ruwanta da .htaccess, ba ta karanta shi ko kaɗan, kuma tana da tata iyakar, client_max_body_size, wadda asalinta megabait 1 ne. Ita za ta mayar da kayan da kuskure mai lamba 413 tun PHP bai san an zo ba. Wannan ba gyaran ɗan haya ba ne, na mai gida ne.

Yanzu bari in zo ga inda nake yawan saɓawa da matasa, wato memory_limit da max_execution_time. Na farkon yana zuwa a kan 128M, na biyun a kan sakan 30. Idan kuka ga saƙon kuskure ɗauke da lamba 134217728, ita ce megabait 128 ɗin nan da aka lissafa da bait, shirin ya cinye rabonsa an tsayar da shi. Maganin da ake yaɗawa shi ne a sa memory_limit a kan -1, wato babu iyaka, a sa lokacin kuma a kan sifili. Kada ku yi. Wannan rabon na kowace buƙata ɗaya ne, ba na shafin duka ba. In ka ba da 512M kuma mutum ashirin suka buɗe shafi mai nauyi a lokaci guda, ka yi wa sabar alkawarin gigabait goma, kai da ɗaki ɗaya ka kama. Kamfanin yana da nasa ma'aunin a sama da naka, zai yanke ka, wani lokaci ya dakatar da asusun gaba ɗaya, kuma ba zan ga laifinsa ba, domin maƙwabtanka ma kuɗi suka biya.

Ban ce kada a ɗaga ba. Shago mai kaya dubbai ko shafin da yake sarrafa manyan hotuna yana iya buƙatar 256M da gaskiyarsa. Abin da nake cewa, iyakar nan kamar fis take a layin wuta. In fis yana yawan ƙonewa, mai hankali yakan nemi abin da yake jan wutar, gwanin gaggawa kuma ya ɗaura waya mai kauri ya tafi, sai ranar da gida ya kama. Shafin da yake cinye megabait 128 don ya nuna jerin sunaye, kusan kullum za ka tarar yana kwaso duk abin da yake rumbun bayanai ne a lokaci guda, ko wata ƙaramar manhaja da aka liƙa masa tana zagaye a wuri ɗaya. Aikin da yake buƙatar minti goma kuwa, kamar aika wasiƙu dubu ko haɗa rahoton shekara, ba a rataya shi a wuyan burauza mutum yana zaune yana kallon allo. A yanka shi gunduwa-gunduwa, ko a ba agogon sabar, wato cron, ya riƙa yinsa da dare.

Ko ita max_input_vars da ta ci makin yaran nan ba don mugunta aka sa ta ba. A ƙarshen shekarar 2011, a wani taron masana tsaron kwamfuta a Jamus, aka nuna yadda mutum ɗaya zai aiko da fom mai gurabe dubbai da aka zaɓi sunayensu da gangan, ya sa sabar ta shagala da lissafi har ta kasa sauraron kowa. A farkon 2012 PHP 5.3.9 ya fito da wannan iyaka ta dubu don toshe ɓarakar. Wanda ya san wannan tarihi zai ɗaga ta zuwa 3000 in aikinsa ya buƙata, ko 5000 kamar yadda sababbin fitowar Moodle suke nema, amma ba zai rubuta miliyan ɗaya don ya huta ba.

Sai maganar kurakurai. PHP yana zuwa da samfurin php.ini guda biyu, ɗaya na wurin gwaji ɗaya na shafin da jama'a suke shiga, kuma babban abin da ya raba su shi ne display_errors. A kwamfutarka ka kunna shi, ka ga kowane kuskure ɓaro-ɓaro. A shafin jama'a ka kashe shi, ka kunna log_errors, ka nuna wa error_log inda zai rubuta. Saƙon kuskure yakan ɗauko hanyar folda da sunan asusunka, wani lokaci har da guntun tambayar da aka yi wa rumbun bayanai, ka ga ka zana wa ɓarawo taswirar gida ke nan. Kundin kuma ka ajiye shi a wajen public_html, domin in yana ciki duk wanda ya cinko sunansa zai karanta. Haka ita ma .user.ini: saitin Apache na asali yana hana a buɗe fayilolin da suka fara da .ht, amma ita ba ta cikinsu. Ka rubuta adireshinta a burauza ka gani da idonka, in ta buɗe ka toshe. Shafin makaranta ko na asibiti bayanan mutane yake ɗauke da su, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanai, ba ladabi kawai ba ne yanzu.

Ku saba da buɗe kundin nan ko ba a kira ku ba. Ni duk ranar Asabar da safe nake bin na shafukan da suke hannuna, da kofin shayi. Yawanci babu komai sai ƙananan gunaguni, amma a nan nake ganin abin da zai fashe wata mai zuwa. Kuma in kun buɗe .user.ini kun tarar da layin auto_prepend_file da ba ku kuka rubuta ba, ku tsaya ku bincika. Yana sa a gudanar da wani fayil kafin kowane shafi. Wasu manhajojin tsaro suna amfani da shi bisa ƙa'ida, masu kutse ma suna son sa saboda wannan dalilin. Shi ne kuma yake sa shafi ya zama fari fat bayan an ƙaura da shi zuwa wani kamfani, domin hanyar da aka rubuta ta tsohon gida ce.

Akwai saituna biyu ƙanana da suka shafe mu kai tsaye. In ba a sa date.timezone ba, PHP agogon UTC yake bi, mu kuwa a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru muna gabansa da awa ɗaya, Sudan da awa biyu, Gana ce kawai take daidai da shi. In kuma kamfanin a Amurka yake ya sa nasa agogon, tazarar ta fi haka, kuma tana canzawa sau biyu a shekara. Shafin da aka ce zai rufe rajista ƙarfe goma sha biyun dare sai ya rufe a wani lokacin daban, rasit kuma ya fito da kwanan watan jiya. Layi ɗaya ne maganinsa: Africa/Lagos, ko Africa/Niamey, ko Africa/Accra, gwargwadon inda masu shafin suke. Na biyun shi ne session.gc_maxlifetime, wanda yake kan sakan 1440, wato minti 24. Malami zai fara cike dogon fom, a kira la'asar, ya je ya dawo ya ƙarasa, ya danna adanawa, sai shafin ya ce ya sake shiga, aikin awa guda ya tafi. Kana iya ƙara lokacin, amma in duk 'yan hayan a folda ɗaya ake tara musu waɗannan bayanai, sharar maƙwabci mai gajeren lokaci za ta kwashe har da naka. Sai ka ware taka foldar da session.save_path, ita ma a wajen public_html.

Ku kuma riƙa duba shekarun shawara kafin ku karɓa. PHP ya tsufa. Rasmus Lerdorf ya sake shi ga jama'a tun 1995, kuma duk abin da aka rubuta a kansa tun daga lokacin yana nan yana yawo a intanet, mai rai da matacce a haɗe. Har yau za ka ga ana cewa a kunna register_globals ko a kashe safe_mode, abubuwan da aka cire tun PHP 5.4 a 2012. Manhajojin nan masu amsa tambaya ma daga wannan tarin suka koya, suna iya miƙo maka layin php_value cikin ƙarfin gwiwa ba tare da sun san FPM kake kai ba. In kuma shafi ya ƙi aiki a sabuwar siga, mayar da shi tsohuwa dabara ce ta kwana biyu. An daina toshe ɓarakar PHP 5.6 tun ƙarshen 2018, ta 7.4 kuma tun Nuwamban 2022.

Yadda nake yi yanzu ba shi da wani armashi. Kafin in taɓa fayil sai na sauke kwafinsa a kwamfutata. Ina canza abu ɗaya, in jira, in duba gurbin hagu, sannan in matsa. A saman kowane layi ina barin bayani: ranar da na sa shi, da abin da yake a da, da dalili. A .user.ini bayanin da alamar ; yake farawa, a .htaccess kuma da #, kada ku haɗa su. Ba don kowa nake rubutawa ba sai don kaina na shekara mai zuwa, wanda ba zai tuna komai ba, da kuma wanda zai gaje ni in mai shafin ya sallame ni. Ba na yin canji ranar Juma'a da yamma, ko daren da za a buɗe rajista. In abin ya zama na mai gida ne, sai in rubuta wa kamfanin, kuma na koyi cewa "shafina ba ya aiki" ba ta kawo amsa sai bayan kwana uku ana yi maka tambayoyi. Ka ce ga saitin, ga adadin da yake kai, ga wanda nake so, ga layin kuskuren daga kundi da lokacinsa, ga abin da na gwada. Wanda yake ɗaya gefen shi ma ma'aikaci ne mai tarin saƙonni, in ka sauƙaƙa masa sai ya fara da naka.

Ita kuwa makarantar, a daren da na gano matsalar na sa max_input_vars a kan 3000 a cikin .user.ini, na jira minti biyar ɗina, na shigar da makin yaro na 92, ya zauna. Da aka yi hutu sai na koma na raba fom ɗin, yara talatin a kowane shafi, kowanne da nasa maɓallin adanawa, na kuma sa shirin ya riƙa ƙirga guraben da suka iso ya kwatanta da waɗanda aka aiko, in ba su yi daidai ba ya ƙi cewa an adana. Daga nan na mayar da saitin kan dubunsa. Ranar da na je karɓar ragowar kuɗina na roƙi shugabar ta kira malamin ofis, na faɗa a gabanta da mataimakinta cewa laifin nawa ne, shi ya shigar da makinsa tun karon farko. Dattijo ne, ya kusa haifata. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ba komai, ɗana. Amma waccan matsalar ta fitar da mutum in ya je salla, ita ma a duba mana."